Tagogin Haruna Ba Kuskure Ba Ne

Yau Asabar. Na tashi ƙirjina a cushe kamar kullum, ƙafar hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, amma na yi sallah a zaune, na sha shayi. Alhamdu lillahi.

Da safen nan labari ya iso ni. Haruna ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kuma ba yau ya rasu ba. Ran Talata ya cika, ran Laraba aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa. Ni ina nan Gaithersburg a hawa na uku na gidan tsofaffi, ina ta lallashin kaina cewa shirun da na ji sauƙi ne ya samu. Matarsa Mulalo ce ta bugo mini da ƙarfe takwas, muryarta a dishe, tana tambaya ko wani laifi suka yi mini da ba a gan ni wajen jana'iza ba.

Wa ya gaya mini?

Wai an sa sanarwa a gurup ɗin waya na ƙungiyarmu ta 'yan Arewa. Ni ba na cikin gurup ɗin nan, kuma babu wanda bai sani ba. Da yawanku a nan kusa kuke, kuna wucewa ta titin gidan nan safe da yamma. Shekara bakwai kuna ganin wanda ke riƙo hannuna ya shigo da ni masallacin Juma'a. A cikinku ba a sami mutum ɗaya da ya waiwaya a maƙabarta ya ce, ina tsohon nan na Haruna? Ba zan kira suna ba. Kowa ya san kansa.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Haruna ɗan Zariya ne, akitek, wato mai zanen gine-gine, yana aiki a wani ofis cikin Washington. Ban haife shi ba, ba mu haɗa dangi ba. A bakin titi ya tsince ni wata Juma'a lokacin sanyi, ina jiran bas, ya tsaya ya ce, "Baba, shigo, wannan sanyin ba na dattawa ba ne."

A hanya ya tambaye ni aikin da na yi a gida. Na ce fita ne ni a masaƙa a Kaduna, shekara talatin da ɗaya ina gyaran injin saƙa. Duk wanda na gaya wa haka a ƙasar nan sai ya ce Allah sarki, ai masaƙun sun mutu, ya sauya zance. Shi kuwa sai ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya zaro littafi da fensir daga aljihu. Ranar mun kusa rasa huɗuba.

Tun daga nan bai sake ni ba.

'Yata da ta kawo ni ƙasar nan aiki ya kai ta Texas, sai dai waya. Haruna ne ke yanke mini farcen ƙafa tunda na daina iya sunkuyawa. Mutum mai digiri biyu, ya durƙusa kan kafet da tawul a cinya, yana yanka yana cewa farcen nan sai an kira fita. Shi ke kawo mini tuwon masara da miyar kuka a kula, tuwon irin na ƙasar matarsa, miyar irin tamu, shi ya koya mata kaɗawa. Wannan shafin ma da nake rubutu a kai shi ya buɗe mini, shi ya ba ni na'urar. In ya ga ina danna haruffa da yatsa ɗaya sai ya ce kaza na tsince tsaba. Yana kirana Babban Injiniya don tsokana, ni kuma in ce da shi Baturen Tudun Wada, saboda in magana ta yi zafi Hausarsa guduwa take yi.

Yanzu ku saurara, don abin da ya sa na zauna rubutun nan ya wuce kukan rashin sanarwa.

Mulalo mutuniyar Venda ce, wata ƙabila a can arewacin Afirka ta Kudu, kusa da iyakar Zimbabwe. Matansu na da tufafin da suke ce wa nwenda. Yadi ne mai ratsi-ratsi launi-launi, su yanko wasu siraran ƙyallaye su ɗinka a gicciye, su yi masa ado da zare, mace ta yafa ta ɗaure a kafaɗa. Yadin daga masaƙa yake zuwa, adon kuma aikin hannun mata ne. Mahaifiyar Mulalo da wannan sana'a ta yi tarbiyyar 'ya'yanta. Sai dai yadin daga nesa ake kawo musu, wani lokaci ya zo da launin da ba shi suka nema ba, su karɓa haka nan.

Wata gidauniya ta ba ofishinsu Haruna aikin zana gini a yankin, inda za a sa 'yan injunan saƙa su riƙa fitar da yadin, matan kuma su yi ɗinkinsu a wuri guda. Mai ɗinki ta leƙa ta ce wa mai inji ƙara shuɗi a nan, rage faɗin jan. Haruna ya roƙa aka ba shi aikin. Sau biyu ya je can ya sauka gidan surukarsa.

Duk dawowa sai ya zo ya shimfiɗa takardu a ɗakin nan ya yi ta tambaya.

Na gaya masa abin da na sani, wanda ba a makaranta na koya ba. Kunnena na dama ƙarar inji ce ta cinye shi. Wannan ƙirjin da ke hana ni hawa bene ƙurar auduga ce. A masaƙa da hannu muke magana kamar bebaye. Na ce in ka haɗa mata masu hira da waƙa da injin saƙa a ɗaki ɗaya, cikin wata guda ka kashe musu hirar. Ka yi bango mai kauri a tsakani. Kada ƙofar ɗakin inji ta kalli inda suke zama, ka karkata ta. Ka duba ta inda iska ke kaɗawa, ta ɗebe ƙurar ta yi waje da ita, kada ta kai musu.

Na kuma gaya masa fitilar lantarki maƙaryaciya ce wajen launi. Mu a masaƙa in za a haɗa zare biyu, ba a yarda da idon kowa a cikin ɗaki. Sai an ɗauka an fita bakin ƙofa an duba a hasken Allah. Shuɗi mai duhu da baƙi ɗaya suke a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai ka fito waje ka ga ka yi ɓarna.

Ya rubuta duka.

Amma maganar taga ba tawa ba ce, tasa ce, daga surukarsa ya samo. Ya ce kwana uku yana kallonta da ƙawayenta. Babu wadda ke ɗinki a kan tebur. A tabarma suke zama su miƙe ƙafa, keken ɗinki na hannu a gabansu, yadin ya kwanta kan cinya ya zarce ƙasa, don yana da tsawo da nauyi, a tebur zamewa yake ya ja allura. Gidan kuwa yana da ɗaki mai kyau da manyan tagogi, amma ba sa shiga. Gindin bishiya suke tafiya, in ruwa ya sauko aiki ya tsaya. Ya tambaye ta dalili, ta ce tagar ta masu tsayuwa ce, haskenta kansu yake tsallakewa ya faɗi tsakar ɗaki, hannu na cikin inuwa.

Sai ya ɗauko tef ya fara aunawa daga ƙasa zuwa idon kowacce tana zaune, daga ƙasa zuwa inda hannunta ke riƙe allura. Ya ce da ya zo kan surukar tasa ta buge masa hannu da silifa, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin surukin da ke auna uwar matarsa kamar zai saya ba. Bayan nan ta gyara zama ta ce ya auna da kyau.

Ya zana tagogi a jere, doguwar sahu, suna farawa taƙi ɗaya daga ƙasa su tsaya a ƙugun mutum. Ya sa su kalli kudu, don ya ce a can rana ta ɓangaren arewa take ratsawa, ta kudu haske ke shigowa a natse ba zafi. Can sama ya bar 'yan kafofi na fitar iska.

Wata Lahadi ya shigo da ƙaton kwali, ya yanka masa rami, ya jingina a ƙofar barandata, ya ja labule ya rufe sauran. Ya ce in zauna a ƙasa in miƙe ƙafa. Ya miƙo mini zare biyu ya ce wanne ne shuɗi. Na nuna. Ya ɗaga kwalin zuwa ƙirjinsa ya sauya zaren, na kasa. Ya yi ta tsalle kamar yaro. Daga nan na zo tashi abu ya gagara. Ya tsaya a kaina yana dariya, wai Babban Injiniya ya lalace, babu kayan gyara a ƙasar nan. Sai da na yi masa barazanar tsinuwa sannan ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni.

Bara ciwo ya kama shi. Hanta. Ya yi ta shiga asibiti yana fita, daga baya ya kwanta wata uku.

Ofis suka miƙa aikin ga wasu. Waɗannan suka buɗe zanen a kwamfuta, suka ga tagogi a gwiwa, suka ce ai kuskure ne, mai ciwo ne ya zana. Suka ɗaga su zuwa inda ake sa taga a kowane ofis na Washington. Suka jera tebura da kujeru. Bangon nan mai kauri suka mai da rabinsa gilashi, wai don baƙi masu ba da tallafi in sun zo su tsaya wuri ɗaya su ga inji su ga mata.

Lokacin nan fa mutumin yana raye. Asibitin bai fi tafiyar rabin awa daga ofishinsu ba. Sun aika masa furanni da kati kowa ya sa hannu. Babu wanda ya ɗaga waya ya ce, Haruna, me ya sa ka sauke tagogin nan?

Ni elemantare da midil na yi, a zamanin da malami ke dukan hannu in ka goge abin da ba ka gane ba. A masaƙa in ka tarar da wani ya ɗaure ƙusa a inda ba ka saba gani ba, ba ka kwancewa sai ka nemo shi ka tambaya. Wannan ko ɗan koyo ya sani. Su da digirorinsu ba su sani ba.

Mako uku da suka wuce Mulalo ta kawo shi nan. Shi ne ganinmu na ƙarshe. Ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, rigarsa kamar ta aro. Mu biyu muka zauna muna haki, ya ce yau dai mun zama sa'o'in juna.

Ya zo da takarda a naɗe, faɗinta ya kai dardumar sallah. Zanensa ne na farko da fensir, wanda ya yi a tsakar gidan surukarsa. A gefe akwai sunayen matan ɗaya bayan ɗaya da awon kowacce, da abin da kowacce ta faɗa a kan haske. Wannan duk bai shiga kwamfuta ba. Ya ce in rubuta a bayan takardar, da hannuna, abin da ƙara da ƙura suka yi mini, in sa hannu. In ya ɗan sami ƙarfi zai zo ya ɗauke ni mu je gaban kwamitin ofishin da ke amincewa da zane tare, su ji numfashina da kunnensu.

Na ce ya bari ya warke tukuna, gini ba gudu zai yi ba.

Ya ce, "Baba, in suka ɗaga tagar nan, tsofaffin nan gindin bishiya za su koma. Ba za su yi musu da kowa ba, tabarmarsu kawai za su naɗe. Sai a wayi gari an gina wa inji gida."

Da za su tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ƙafata ya ce farcen ya yi tsawo, in jira shi kada in ba wani.

Kwana huɗu na yi ina rubutun nan da Turancin midil. Na gama, na sa hannu, na naɗe, na zauna jira.

Yau bayan mun gama kuka a waya, Mulalo ta gaya mini sauran. Jibi Litinin da safe kwamitin zai zauna ya sa hannu a zane na ƙarshe a aika can a fara aiki. Shugaban ofishin ya je mata ta'aziyya, ta yi masa maganar takardar. Ya ce shi bai taɓa ganinta ba, amma in ta iso gabansu kafin zaman za su duba. In ba ta iso ba, ba za su iya tsayar da aiki a kan abin da aka ce an ce ba.

Ta kuma turo mini abin da ofishin ya wallafa na jimami. Hoton Haruna yana murmushi, a ƙasa hoton ginin da tagoginsu a sama da gilashinsu da kujerunsu, an rubuta wai wannan shi ne burinsa, za su cika masa. Na karanta sau biyu, sai da na nemi abin shaƙata na ciwon ƙirji. Ku ɓata wa mutum aiki yana kwance, sannan ku liƙa sunansa a kan ɓarnar yana kabari.

Mulalo tana takaba a Upper Marlboro, gida cike da baƙi, ga yara biyu. Ba zan ce ta fito ba. Na gwada ɗaukar hoton takardar da na'urar nan, hannuna rawa yake, fensir ɗin ya dusashe, abin da ya fito ko ni ban iya karantawa ba. Gidan waya ba zai kai kafin Litinin ba. Ni kuwa rabona da hawa bas ni kaɗai tun kafin azumin bara.

Sai na kira Alhaji Bawa, sakataren ƙungiyarmu. Ya yi ta ba da haƙuri, wai ya ɗauka wane ya gaya mini, wane kuma ya ɗauka shi ya faɗa. Na ce wannan ya wuce, Allah ya yafe mana. Na yi masa bayanin takardar tun daga farko. Ya saurara, sannan ya ce, "To amma Baba, ba taga ba ce kawai? Ai an ce ginin za a yi."

Na ce, "Alhaji, in aka ɗinka maka riga aka sa wuyan a baya, ai an ɗinka. Za ka sa?"

Ya yi dariya ya ce Baba ba ka tsufa da faɗa. Ya yi alkawarin zai biyo bayan azahar ya karɓa, gobe ya kai wa Mulalo, ita ta san wanda zai shigar da ita ofishin.

Ban san matan nan ba. Ban taɓa taka ƙasarsu ba, ba kuma zan taka ba. Sunayensu kawai nake gani a takarda, wasu ma ban iya furtawa. Amma na san abin da ake ji in mutum ya shekara talatin yana aiki a ɗakin da wanda ya zana shi bai taɓa wuni a ciki ba. Haruna ne mutum na farko da na gani ya zauna a ƙasa kafin ya ja layi.

Ya Allah, ka jiƙan Haruna. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ciwon da ya sha ka sa ya zama kaffara. Yadda ya durƙusa wa tsohon da bai haife shi ba, ka ɗaukaka shi a cikin bayinka na gari. Ka ba Mulalo haƙuri, ka raya masa 'ya'yansa bisa imani, ka sanyaya zuciyar tsohuwar nan da ta rasa suruki a ƙasar da ba za ta iya zuwa ta ga kabarinsa ba. In tamu ta zo ka sa mu cika da kyau.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. 'Yan'uwanmu Kirista na Filato da Kudancin Kaduna da suka san shi, ku ma ku sa shi da iyalinsa a taku. Bai taɓa bambanta kowa ba.

Na rubuta na sama tun kafin azahar, na ajiye ban tura ba, ina so in ƙara da cewa takarda ta tafi. Na sa babbar riga, na sauka ƙasa da ita a hammata, na zauna a kujerar bakin ƙofa don kada in wahalar da baƙo da hawa. A nan na yi la'asar. Na bugi wayar Alhaji Bawa sau uku, na'ura ce ke amsawa. Yanzu ma'aikaciyar gidan ta ce in koma sama, iska ta fara sanyi.

Bai zo ba.

Takardar na nan a bayan ƙofata, na ɗaure ta da zare. Saura gobe kaɗai. Duk mai mota a cikinku, ya yi mini magana a nan.